Kamu Tara

Ranar wata Laraba a cikin watan Afrilu na 2007, ina kwance ƙarƙashin wani famfon ban-ruwa a wata gona a Umm Salal ta ƙasar Qatar, maiko har gwiwar hannuna, sai wayata ta yi ƙara. Lambar gida ce. Na goge hannu a wando na ɗauka, na ji muryar Malam Iliasu, shugaban kwamitin wutar garinmu.

"Injiniya, yau kwananmu goma sha ɗaya a cikin duhu."

"Subhanallahi! Injin ne ya lalace, Malam?"

"Lafiyar inji ƙalau. Yayanka ne ya rufe ƙofar ruwa ya sa makulli a aljihu. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ya ƙi ƙememe. Kuma jan fentinka ko alamarsa bai fito ba."

Sai na yi bayani kaɗan, don wanda bai san Kwarangal ba zai ɗauka tatsuniya nake yi. Garinmu yana gindin tsauni, kuma muna da abin da maƙwabtanmu ba su da shi, wato wutar lantarki tamu ta kanmu. Turawan haƙar kuza ne suka datse rafinmu tun zamanin kakanni, ruwa ya taru ya zama tafki, suka kafa wani ƙaramin inji da ruwan ke juyawa. Da kuza ta ƙare suka tattara nasu ya nasu, sai kakanninmu suka ce ai gonakinsu ne ruwan ya cinye, saboda haka tafki da inji sun zama na zuriya. Haka yake har yau. Babu hannun gwamnati a ciki, gidaje huɗu na asalin gari ne ke zaɓen kwamiti. Wutar ba wata mai yawa ba ce: injin niƙa biyu, firjin allurai na ɗakin shan magani, masallaci, da ƙwan fitila ɗai-ɗai a gidaje. Amma in ka ji yadda muke tinƙaho da ita a kasuwar ƙauye, sai ka rantse mu muke ba Legas wuta.

Mahaifinmu, wanda duk gari ke kira Malam Dogo, shi ya riƙe makullin ƙofar ruwa shekara talatin da ɗaya. Dokarsa guda ce. A jikin bangon madatsa akwai wani zoben ƙarfe, daidai inda ruwa ke kaiwa in tafki ya cika da damina. Da rani, kowace safiya sai Baba ya zura igiya mai dutse a baki daga zoben har ta taɓa ruwa, ya jawo ta, ya auna da hannunsa daga gwiwa zuwa kan yatsa, yana ƙirgawa a hankali. In ruwa ya ja baya kamu tara, sai ya rufe. Ƙasa da haka bakin bututu yakan fara zuƙo laka da yashi, yashi kuwa cinye fukafukan injin yake yi, kuma irin waɗannan fukafukai an daina ƙera su tun kafin a haife ni. Ruwan da ya rage shi mutane da dabbobi ke sha har damina ta sauka.

Baba ya rasu a 2004, makulli ya koma hannun yayana Tanko, wanda bai wuce aji huɗu na firamare ba amma ya girma a ɗakin injin. Ni kuwa a lokacin na gama karatun injiniya ke nan, kaina yana hayaƙi, ina jiran bizar Qatar. Na ga abin kunya ne a ce a garin da ya haifi injiniya ana auna ruwa da igiya da gwiwar hannu. Na duba littafi na ga kamu ɗaya kusan rabin mita ne. Na auna nawa hannun da tef, ya zo daidai. Tara sau rabi, mita huɗu da rabi. Na samo dogon bututun ƙarfe, na zana masa lambobi, na shafa jan fenti a daidai mita huɗu da rabi, muka nutsa shi a jikin bango muka ɗaure. Na tara mutane na ce musu daga yau babu sauran gardama, ranar da ja ya leƙo saman ruwa ranar za a rufe. Aka yi ta sa mini albarka. Tun daga ranar sunana na yanka ya ɓace, sai Injiniya.

"Me Yaya Tanko ya ce?" na tambayi Malam Iliasu.

"Magana ɗaya yake maimaitawa kamar karatun allo. Wai Baba ya ce kamu tara, kamu tara ya cika. Mun ce masa tara ɗin ai shi ne jan fenti, sai ya sunkuyar da kai. Mata na tafiya Gidan Rimi niƙa a ƙafa. Allurai mun kai su wani gari ajiya. Masu niƙa na cewa masunta ne suka ja ra'ayinsa, don su ai sun fi son ruwa ya zauna. Jibi bayan sallar Juma'a za a yi taron zuriya. In ka tabbatar mana awonka daidai ne, za a karɓi makulli a ba wani gida."

Makullin da ya shekara talatin da huɗu a gidanmu. Wannan ya kamata ya tsayar da ni, amma abin da kunnena ya kama shi ne "in awonka daidai ne". Wato har akwai mai shakka.

"Malam, ƙarfe ba ya ƙarya," na ce. "Ku kira ni ranar, zan yi wa jama'a bayani da bakina."

Na koma ƙarƙashin famfo raina a ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai, ga ni a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya, ƙasar da ruwan teku ake tacewa a sha, kowane ɗigo an san lissafinsa, amma ban taɓa buɗe famfo ya ce mini babu ba. Mu kuwa Allah ya ba mu tafki guda, ga yayana ya zauna a kansa da igiya. A motar kamfani da ke mayar da mu masaukinmu a unguwar Sanaiya na yi ta tsara jawabin da zan yi, har direbanmu ya tambaye ni ko da wani nake faɗa. Na so in kira Tanko in wanke shi tas, sai dai ba shi da waya, kuma a Kwarangal sai an hau tudun makaranta ake samun sabis.

Ranar Alhamis da yamma wata dabara ta zo mini, irin dabarar da sai mai girman kai take zo wa. A ƙasan akwatina akwai wata jamfar Baba, ruwan toka, wadda Inna ta ba ni ranar da zan taho. Shekara uku tana ninke, ban taɓa sa ta ba. Na ce gobe ita zan sa in je masallaci, in dawo in yi wa zuriya magana a cikin rigar mai makulli na asali. Ba wanda zai gan ni ta waya, na sani, amma ni zan ji a jikina. Na zura ta. Kafaɗa ta matse ni, hannun riga kuwa ya tsaya can sama da agogona, na zama kamar wanda ya ari kayan ƙaninsa. Na cire na sa a leda, na tari tasi zuwa unguwar Al-Sadd.

A wani lungu bayan shagunan sayar da waya akwai shagon ɗinki, mai shi Balarabe ne da ba a cika ganinsa ba, amma wanda ke kan keke Malam Bawah ne, dattijo ɗan Zangon Kumasi. Duk Bahaushen da ke Doha ya san shi, don shi kaɗai ne za ka ce wa a yi maka wuyan jamfa ya gane abin da kake nufi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a bakinsa, kuma in ka yi masa gyara sai ya ce ku 'yan Nijeriya kun cika wahalar da kanku.

"Injiniya! Yalla, shigo, sanyin esi na fita."

Na miƙa masa jamfar na ce a ƙara mini tsawon hannu, gobe nake so. Ya baza ta a kan tebur, ya juya bakin hannun, ya duba lanƙwasar ɗinkin, ya girgiza kai.

"Mafi, babu. Ba ƙyalle a ciki, telan ya yanke daidai. Rigan wa ne?"

"Ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa."

"Amin, amin. To, baban ka mutum ƙarami ne. Kai ina ka samo tsawo?"

"Dangin uwa," na ce. Na yi dariya, don na tuna. "Ka san a garinmu Dogo ake ce masa."

"Dogo!" Malam Bawah ya riƙe ciki. "Mutanen ku ba su da kirki."

Gaskiya ne, tsokana ce. Abokan wasansa ne suka laƙa masa tun yana saurayi, sunan ya bi shi har ya zama ba a jin tsokanar a ciki. A sahun salla kansa bai wuce kafaɗata ba. Amma uba a idon ɗansa ba ya gajarta, ni dai ban taɓa tsayawa na kalle shi a matsayin gajeren mutum ba.

Malam Bawah ya ciro tef daga wuyansa, don tela ba ya iya ganin riga bai auna ba. Ya nuna mini inda gwiwar hannu ta goge ƙyallen har ya yi fari ya yi laushi.

"Ga gwiwa nan. Daga nan zuwa baki, inci tara da rabi. Ka sa tafin hannu da yatsa, mutum kaman wannan bakwai ne, ba zai wuce ba. Sha shida da rabi. Kawo naka." Ya kamo hannuna ba tare da neman izini ba, ya ɗora tef. "Sha tara da rabi. Ka gani? Inci uku. Ina zan samo inci uku? In ka auna kamu, shi ya auna kamu, ba kasuwa ɗaya ku ke ci ba."

Ya ci gaba da surutunsa yana ninke rigar. Wai kakarsa mai sayar da zane ce a kasuwar Kumasi, 'yar firit da ita. In za ta sari kaya sai ta tafi da wani ƙanenta mai hannu kamar sandar rake ya auna mata, in za ta sayar kuwa da nata hannun take aunawa. "Kaka na ya yi arziki da hannu biyu, ɗaya nasa ɗaya na aro," ya ce, yana dariya har da hawaye.

Ni ban yi dariya ba. Tun daga "inci uku" kunnena ya toshe. Uku sau tara, ashirin da bakwai. Inci ashirin da bakwai, fiye da kamu ɗaya da rabi na hannun Baba. Ke nan jan fentina yana can ƙasa da inda Baba ke rufewa, a cikin ruwan da bai taɓa yarda a taɓa ba. Kafin ja ya leƙo, bututu ya daɗe yana shan yashi. Tanko kuwa Baba ne ya yi kaki ya tofar, tsawonsu ɗaya, hannunsu ɗaya. Taransa shi ne taran Baba.

Na nemi kujerar roba na zauna.

"Lafiya, Injiniya? Don riga? Khalas, shi ke nan, in yi maka sabo irin shi."

"Malam Bawah, sake auna mini."

Ya sake. Na ce ya auna ɗaya hannun. Ya auna. Na ce ko rigar ta tsuke da wanki? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ƙyalle irin wannan ko shekara ɗari aka yi ana wankewa ba zai ci inci uku ba, kuma shi shekararsa arba'in yana auna mutane. Sai na kwashe labarin duka na gaya masa, tun daga tafki har zuwa taron gobe. Ya saurara, keken ɗinkinsa a tsaye.

"To, ai ka gode Allah," ya ce da na gama. "Yau Alhamis ne. Da Asabar ka kawo rigan fa?"

Na fita daga shagon da leda a hammata, ban tari tasi nan take ba. Na yi tafiya a gefen titi, motoci na wucewa, ina jin kunya kamar duk wanda ke cikinsu ya san abin da na yi. Daga baya kunyar ta fara neman mafita. Ai ba dole ne in ce na yi kuskure ba. Zan iya cewa laka ta taru a gindin tafki cikin shekara uku, don haka sabon lissafi ya nuna a rufe da wuri. Magana ce ta injiniyoyi, ba mai iya musa ta a Kwarangal. Tanko zai tsira da makulli, ni in tsira da suna. Har na ji daɗin kaina da na samo wannan.

Ranar Juma'a na sa farar jallabiyata ta kullum na je masallaci. Doha tana gaban gida da awa biyu, don haka sai wajen huɗu da rabi na yamma wayar ta shigo. Ina zaune a bakin gado a ɗakinmu na Sanaiya, abokan ɗakina sun fita kallon ƙwallo. An yi taron ne a tudun makaranta saboda sabis, kuma Malam Iliasu ya kara wayar a bakin lasifika mai batir, irin ta masu tallar magani. Ina jin hayaniyar mutane, da kukan wata akuya, da muryata tana dawo mini daga nesa.

Na yi sallama, na gai da dattawan gidaje huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan na fara.

"Jama'a, na sake duba lissafi. Kun san tafki yakan tara laka a hankali..."

"Injiniya, dakata," Malam Iliasu ya katse ni. "Kada ka kai mu makaranta. Tambaya ɗaya ce. Ga Tanko a tsaye, ga makulli an ce ya ajiye a kan tabarma, ya ajiye. Ranar da ka shafa jan nan, daidai ne da kamu taran Malam Dogo, ko ba daidai ba ne?"

Ya ajiye a kan tabarma. Sai na gan shi a raina, gajere, hularsa a karkace, hannayensa a baya, mutanen da suka san shi tun yana tsirara sun kewaye shi, shi kuma bai ce uffan a kan fentin ƙaninsa ba. In na kawo zancen laka, makulli zai iya komawa aljihunsa, amma a matsayin wanda ya yi taurin kai sa'a ta fisshe shi. Gari zai ci gaba da jiran ja, baɗi ko wata shekara wani ya buɗe ƙofa har ya kashe injin.

"Ba daidai ba ne, Malam," na ce. "Tun ranar ba daidai ba ne. Babu ruwan laka, ku manta da wannan. Ni na yi kuskure."

Ban jira kowa ba, na ci gaba.

"Na auna kamu da hannuna da kuma littafi. Ban auna da hannun Baba ba. Hannuna ya fi nasa da inci uku. In an tara sau tara, jan da na shafa ya nutse ƙasa da dokar Baba da fiye da kamu ɗaya da rabi. Da Yaya Tanko ya jira ja ya fito, da yanzu yashi ya gama da fukafukan injin, da ba duhun kwana goma sha uku muke magana ba, na har abada ne. Shi ke kan daidai. Ina roƙon zuriya ta yafe mini, ina roƙon yayana ya yafe mini."

Sai wata murya ta tsufa ta taso daga baya, na gane ta, wani abokin wasan Baba ne daga gidan masunta.

"Yo kai yaro, da ka ji ana ce masa Dogo, sai ka ɗauka da gaske ake?"

Dariya ta ɓarke. Ta daɗe, lasifika har tana ƙara. Wata mata ta ce a tambayi Injiniya ko a can Makka ma da hannunsa yake auna musu, don a garinmu duk ƙasar Larabawa Makka ce. Na zauna a bakin gado ina shan dariyar nan, fuskata na zafi, amma wallahi ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba. Mutanen da ke dariya ba sa karɓe makulli.

Da aka natsu, aka koma kan abin da ya tara su. Masu niƙa suka ce sun ji, amma mata ba za su yi ta tafiya Gidan Rimi har damina ba. Masunta suka ce kada a taɓa ko ɗigo. Aka ja, aka ja. A ƙarshe Malam Iliasu ya ce a tambayi mai makulli, kuma na lura da yadda ya faɗi kalmar. Tanko ya yi magana a taƙaice, kamar kullum. Ya ce a shekarun da rani ya yi tsanani Baba yakan buɗe rabin ƙofa awa biyu rak a ranar jajibirin kasuwa, da sassafe lokacin da ruwa ya kwanta laka ta zauna, a yi niƙan mako guda a rufe. Ya ce da ya kawo wannan tun farko, amma ba wanda ya tambaye shi sai zancen fenti. Aka amince. Aka ce allurai su zauna inda suke har ruwan farko. Aka yi addu'a Allah ya kawo damina mai albarka, aka shafa.

Ban kashe wayar ba. Na roƙi Malam Iliasu ya cire ta daga lasifika ya miƙa wa yayana. Na ji takun sawu, hayaniya na raguwa, alamar ya koma gefe.

"Hafizu," ya ce. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke kirana da sunana. "Kana lafiya? Ana ba ku abinci sosai?"

"Yaya, ka yafe mini."

"Ba komai. Ai ka faɗa."

"Da jiya ban kai rigar Baba wurin tela ba, da na sa an karɓe maka makulli. Ban sani ba, wallahi ban sani ba sai jiya."

"Na san ba ka sani ba."

Yadda ya faɗe ta ne ya sa na tsargu. Sannan na tambaya, a hankali.

"Kai yaushe ka sani?"

"Ranar da ka kafa ƙarfen. Kana ɗaurawa ina kallon inda ja ya tsaya. Da kuka watse na zura igiya na gwada."

"Shekara uku, Yaya! Me ya hana ka gaya mini?"

"Ka manta ranar? Baba bai cika kwana arba'in da rasuwa ba. Inna ta fito bakin tafki, karo na farko da ta taka waje, tana tsaye mutane na ce maka Injiniya. Ranar ta fara dariya tun rasuwar. Washegari kuma za ka tafi ƙasar da ba ka san kowa ba. Da wane baki zan ce maka aikinka na farko bai yi ba?"

"To bara fa? Da bara waccan?"

"Ranin bai yi tsanani ba. In tara ta cika sai in rufe in ce inji na son maiko, ko bel ya saki, kafin mako biyu ruwa ya sauka. An yi ta cewa Tanko bai iya riƙon inji kamar ubansa ba. Ban damu ba, ai gaskiya ne. Bana ne kwanakin suka yi yawa, ƙarya ta ƙare mini."

Ina nan Doha ina yawo da suna, abokan aiki na gida suna nuna ni wai wanda ya gyara wa garinsu wuta, ashe can wani ne ke ɗaukar zagi a madadina kowace bazara, bai taɓa ko yi mini gugar zana ba. Godiya ta cika mini ƙirji har ta yi mini nauyi, hawaye suka zubo, ban kuma yi ƙoƙarin ɓoye su a muryata ba.

"Na gode, Yaya. Allah ya saka maka da alheri. Allah ya bar mana kai."

"Amin. Daina, katin Malam zai ƙare."

"Abu ɗaya. Gobe ka sa a ciro ƙarfen nan a kankare jan. Kada ya sake yaudarar kowa."

"A'a, a bar shi, aikin hannunka ne," ya ce. "Yana ƙarƙashin ruwa ai. Muddin makulli na hannuna, ba mai ganinsa."